Yadda ake renon zakaran wasan luj tun yana yaro: hanyar da Felix Loch ya bi

A watan Fabrairun 2010, a gasar Olamfik ta lokacin hunturu da aka yi a Vancouver ta ƙasar Kanada, wani matashi Bajamushe mai suna Felix Loch ya ci lambar zinare a tseren luj na maza na mutum ɗaya yana da shekara 20, kuma kafin shi babu wanda ya taɓa cin wannan lambar da ƙarancin shekaru irin nasa. Shekara biyu kafin nan, a garin Oberhof na Jamus, ya riga ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. Wanda ya ji waɗannan shekaru zai ɗauka baiwa ce kawai ta yi aiki, amma idan aka ƙirga daga lokacin da aka fara ɗora shi a kan keken zamiya yana ɗan shekara biyar, za a ga cewa shekara 15 ya kwashe yana maimaita aiki ɗaya kafin a rataya masa zinaren. Bayanin da ke tafe na iyaye ne, da masu horarwa, da matashin da ke son sanin matakan wannan sana'a da kuma jerin da ya kamata a bi su, domin a wasan luj yawancin ɓarnar da ake yi wa yaro mai hazaƙa daga tsallake mataki take tasowa.

Shi luj tsere ne da ɗan wasa yake kwantawa rigingine a kan ƙaramin keken zamiya, ƙafafunsa na gaba, kansa na baya, ya gangara ta wata doguwar hanya mai kwana-kwana da aka gina da siminti aka shimfiɗe ta da ƙanƙara. Keken ba shi da birki, ba shi da sitiyari. Hanyar maza takan ɗan zarce kilomita ɗaya, ana kuma gama ta cikin ƙasa da minti ɗaya, da gudun da yakan wuce kilomita 130 a awa. Kada a haɗa shi da bobsile, wanda mutum biyu ko huɗu suke zama a cikin keke mai rufaffen gaba, irin wanda Seun Adigun da abokan wasanta suka wakilci Najeriya da shi a gasar Olamfik ta 2018, ko da sikeleton, wanda ake kwanciya rub-da-ciki kai na gaba, wasan da Simidele Adeagbo ta Najeriya da Akwasi Frimpong na Ghana suka yi a waccan gasar. Luj ya shiga Olamfik a 1964 a Innsbruck ta Ostiriya, kuma ana auna lokacinsa har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wannan ƙididdiga ba ado ba ce: a Olamfik ta Nagano a Japan a 1998, bayan sauka huɗu, Silke Kraushaar ta doke Barbara Niedernhuber da tazarar kashi biyu cikin dubu na sakan.

Mazauni kafin komai

Tambayar farko da iyaye za su amsa ita ce ina yaron zai zauna, domin hanyoyin ƙanƙara da ake sanyayawa da inji ba su kai ashirin ba a duk duniya. Jamus kaɗai tana da huɗu, wato Königssee, da Oberhof, da Winterberg, da Altenberg, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa Jamusawa suka mamaye wasan. Ostiriya tana da ta Igls kusa da Innsbruck, Latbiya tana da ta Sigulda, Nowe tana da ta Lillehammer, Amurka tana da ta Lake Placid da ta Park City, Kanada kuma tana da ta Whistler.

An haifi Loch a ranar 24 ga Yulin 1989 a garin Sonneberg, a yankin da yake Jamus ta Gabas a lokacin. Mahaifinsa, Norbert Loch, tsohon ɗan wasan luj ne da ya je Olamfik a 1984, kuma bayan haɗewar Jamus ya samu aikin horar da 'yan wasan jihar Bavariya, sai iyalin suka koma yankin Berchtesgaden. A nan ne hanyar Königssee take, wadda ita ce ta farko a duniya da aka sanyaya da inji a ƙarshen shekarun 1960, a nan ne kuma hedikwatar FIL take, hukumar da ke kula da wasan a duniya tun 1957. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yana iya tashi daga makaranta ya yi sauka uku ko huɗu kafin magariba, alhali takwaransa da ke zaune nesa sai ya jira hutu. Tun da kowace sauka ba ta cika minti ɗaya ba, wanda ya yi sauka shida a rana ma bai cika minti shida a kan ƙanƙara ba, saboda haka yawan kwanakin da yaro zai iya zuwa hanyar su ne jarinsa na gaskiya.

Iyalin da suke kusa da ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi su nemi kulob ɗin da ke wurin su yi wa yaron rajista, kamar yadda Loch ya shiga kulob ɗin RC Berchtesgaden. Kulob ne yake bayar da aron keke daidai tsawon yaro, shi ne yake samo lokacin shiga hanya, kuma shi ne yake da mai horarwar da ya san kowace kwana. Babu hikima a sayen keke a shekarun farko, domin yaro yana girma ya bar shi cikin kaka ɗaya ko biyu. A Amurka hukumar wasan takan zaga birane da kekuna masu taya, ta gwada yara a kan titin kwalta mai gangara, ta gayyaci waɗanda suka nuna natsuwa zuwa Lake Placid.

Wanda ƙasarsa ba ta da hanya ko kaɗan, ƙofarsa ita ce shirin FIL na tallafa wa ƙananan ƙasashe da masu horarwa da kayan aiki da sansanonin atisaye. Ta irin wannan neman sabbin 'yan wasa aka gano Shiva Keshavan na Indiya, wanda ya je Nagano yana ɗan shekara 16, ya kuma halarci Olamfik sau shida daga 1998 zuwa 2018, yana atisaye da keke mai taya a kan titunan tsaunukan Himalaya. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan hanya tana kai mutum Olamfik, amma da wuya ta kai shi ga zinare.

Shekarun farko: daga ƙasa ake farawa

Kowace hanya tana da mashigai da yawa a tsawonta. Manyan maza suna tashi daga can ƙololuwa, mata da masu tseren mutum biyu suna tashi daga ƙasa da su kaɗan, matasa daga ƙasa da haka, ƙananan yara kuma daga kusa da ƙarshe, inda kwana uku ko huɗu kawai suka rage kuma gudun bai kai na mota a cikin gari ba. Aikin mai horarwa a shekarun farko shi ne ya hana yaro hawa mashiga ta gaba har sai ya ƙware a wadda yake, kuma ma'aunin ƙwarewa shi ne yaron ya sauko sau da yawa a jere bai taɓa bango ba, bai sauke ƙafa a kan ƙanƙara ba, bai kuma ɗaga kai cikin firgici ba. Iyaye sukan matsa a ɗaga yaro sama don sun ga an ɗaga sa'ansa, kuma a ganina wannan matsin ya fi kowane abu lalata yara. Yaron da aka kai inda gudu ya fi ƙarfinsa yakan koyi sandarewa, kuma jikin da ya saba sandarewa a kan keke yana da wuyar warwarewa bayan ya girma.

A wannan mataki bai kamata luj ya zama wasan yaro kaɗai ba. Guje-guje, da iyo, da wasan motsa jiki na alkafura da lilo, da ƙwallo, duka suna gina jikin da zai iya jure abin da ke gaba. Ba lallai ba ne kuma a fara a shekara biyar. Natalie Geisenberger, wadda ta yi atisaye a rukuni ɗaya da Loch a Berchtesgaden, ta fara tana da kimanin shekara goma, kuma ta gama da zinare shida da tagulla ɗaya na Olamfik. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a fara bayan an balaga a sa ran kamo waɗanda suka tashi a kan ƙanƙara.

Yadda ake tuƙi

Mai kallo a talabijin yakan ɗauka ɗan wasan kwance yake kawai, kuma wanda ya fi iya tuƙi shi ne ya fi kama da wanda ba ya yin komai. Keken yana da ƙafafu biyu dogaye waɗanda gabansu ya lanƙwasa sama, kuma sharaɓar ɗan wasan tana jingine da wannan lanƙwasa ta waje. Idan yana son keken ya yi hagu, sai ya danna ƙafar keken ta dama da sharaɓarsa ta dama zuwa ciki, ya kuma sauke nauyin kafaɗarsa ta hagu a kan mazaunin keken. Idan dama yake so, sai ya yi akasin haka. Akwai kuma mariƙai biyu a cikin keken da yake ƙara ɗan gyara da su. Abin ya yi kama da gwanin mahayi a hawan sallah, wanda yake juya doki da matsin cinya ba tare da an ga ya fizgi linzami ba.

Abu na farko da za a koya wa yaro shi ne cewa kowane tuƙi yana cin lokaci. Duk sanda aka danna ƙafar keke, ƙarfen da ke ƙasa yana kartar ƙanƙara, kuma kartar nan ita ce asarar gudu. Saboda haka manufar ita ce a shiga kwana a daidai wurin da ya kamata, a bar keken ya hau bango gwargwadon da gudunsa ya kai shi, a fito a tsakiyar hanya ba tare da an yi gyara mai ƙarfi ba. Wanda ya makara wajen shiga kwana, keken zai haura sama a ƙarshenta ya jefo shi ƙasa ya bugi bango, wanda kuma ya yi gaggawar shiga zai sauko da wuri sannan kwanar ta sake ɗaga shi. Kuskuren kwana ɗaya ba ya tsayawa a cikinta, yana bin mutum zuwa ta gaba da ta gabanta.

Abu na biyu shi ne kai. Ɗaga kai don a ga hanya yana tare iska, saboda haka ƙwararru suna kwantar da kai baya har sai abin da suke gani ya zama ɗan gefen bango da ƙarshen yatsun ƙafarsu. Wannan yana nufin dole a haddace hanyar. Kafin a shiga sabuwar hanya, mai horarwa yakan bi gefenta da ƙafa tare da 'yan wasansa, yana nuna musu inda ake shiga kowace kwana da inda ake fara dannawa da inda ake saki. Daga nan kowa ya samu wuri ya zauna ya rufe ido ya sauko hanyar a zuciyarsa, kuma wanda ya leƙa ɗakin jira kafin tsere zai tarar da su a haka, idanu a rufe, kafaɗu na karkata, ƙafafu na ɗan motsi, kowa yana cikin kwanarsa. Ya kamata a saba wa yaro da riƙe littafin da zai rubuta abin da ya ji a kowace kwana bayan kowace sauka, a kuma haɗa wannan da bidiyon da mai horarwa ya ɗauka, domin abin da ɗan wasa ya ji ya yi da abin da ya yi a zahiri sukan sha bamban.

Wuya yana bukatar horo na musamman. A cikin manyan kwanoni, ƙarfin da ke danna jiki yakan kai ninki biyar na nauyin mutum, kuma kan da ke sanye da hular kwano ba shi da abin jingina. Wanda wuyansa ya gaji a rabin hanya, kansa zai faɗa baya ya daina ganin komai a daidai inda gudu ya fi tsanani.

Tsayawa kuma ana koyonta tun ranar farko. Bayan layin ƙarshe hanyar tana haurawa sama, sai ɗan wasan ya tashi zaune, ya kama gaban ƙafafun keken ya ɗaga, bayan ƙarafan ya nutse cikin ƙanƙara. Doka ta ce dole ya ƙetare layin ƙarshe yana tare da kekensa, ko da kuwa ya kife ne yana jan ciki.

Tashi

Wuri ɗaya ne tak ɗan wasa yake ƙara wa keke gudu da ƙarfin jikinsa, wato farkon hanya. Yana zaune a kan keke, ya kama mariƙai biyu da aka kafa a gefen mashiga, ya yi gaba ya yi baya yana auna nauyinsa, sannan ya dunƙule baya sosai har ƙirjinsa ya kusa taɓa gwiwoyinsa, ya fizgo kansa gaba da dukan ƙarfin baya da kafaɗu. Da ya saki mariƙan sai ya dinga dukan ƙanƙara da hannuwa biyu yana tura kansa, da safar hannu mai ƙananan ƙusoshi a yatsu, sau uku ko huɗu, kafin ya kwanta a hankali ba tare da ya girgiza keken ba. Mai tseren mutum ɗaya yana da sakan 30 daga lokacin da fitila ta ba shi izini. Masu horarwa sukan ce ɗan abin da aka rasa a tashi yakan ninka kusan sau uku kafin a kai ƙasa, tun da gudun da aka shiga hanya da shi ne ake ɗorawa a kai.

Wannan ɓangaren ne ya fi karɓar horo, kuma a lokacin zafi ake yinsa, shi ya sa Jamusawa suke cewa ɗan wasan hunturu a bazara ake gina shi. Manyan cibiyoyi suna da rufaffen ɗaki mai gajeren gangaren ƙanƙara da agogo, inda ake maimaita tashi ko da babu sanyi a waje. Sauran lokacin yana tafiya a ɗaga ƙarfe, musamman jan nauyi zuwa ƙirji da ɗaga jiki a kan sanda, da kuma sassauta ƙugu da gadon baya. Ga yaron da bai gama girma ba, a fara da nauyin jikinsa da ƙwallon atisaye mai nauyi, a bar manyan ƙarafa sai ƙashi ya yi ƙwari, domin kafaɗa da ƙasan baya su ne wuraren da 'yan luj suka fi samun rauni.

Tsayi da nauyi suna taimakawa. Loch dogo ne da ya haura mita 1.9, mai dogayen hannuwa, kuma mai nauyi yana gangarawa da sauri fiye da marar nauyi. Domin a rage wannan bambanci, doka ta yarda namijin da bai kai kilo 90 ba, da macen da ba ta kai kilo 75 ba, su ɗaura ƙarin nauyi na dalma a jikinsu zuwa wani iyaka, ana kuma auna ɗan wasa da kekensa a sikeli a wurin tsere. Saboda haka babu dalilin ɗura wa matashi abinci don ya yi ƙiba. Tsoka ake nema.

Keke da ƙarafansa

Daga shekarun samartaka ya kamata ɗan wasa ya fara shiga ɗakin gyaran keke da kansa. Keken mutum ɗaya yana da nauyin kilo 21 zuwa 25, kuma an haɗa shi ne daga mazauni da ake ƙerawa daidai jikin mai shi, da gadoji biyu na ƙarfe da suke riƙe da shi, da ƙafafu biyu, da dogayen ƙarafa biyu a ƙarƙashin ƙafafun, waɗanda su kaɗai suke taɓa ƙanƙara. A kan waɗannan ƙarafa ne yawancin sirrin yake. Idan aka bar gefensu da kaifi, keken zai kama ƙanƙara ya ji tuƙi amma zai rage gudu, idan kuma aka mulmula shi, keken zai yi gudu amma zai dinga zamewa gefe. Ƙanƙarar da ta yi tauri saboda tsananin sanyi tana son ƙarin kaifi, wadda ta yi laushi kuma tana son a rage. Zaɓen inda za a tsaya tsakanin waɗannan biyun a ranar tsere shi ne rabin gwanintar babban ɗan wasa, kuma wanda ya fi iya tuƙi shi ne yake iya hawa ƙarfen da ya fi santsi.

Daren tsere yakan ƙare ne a kan teburin aiki, keke a kife, ɗan wasa yana bin ƙarfe da magagari sannan da takardar goge ƙarfe, daga mai kaushi zuwa mai laushi, yana shafawa da ɗan yatsa yana neman ƙarzon da ido ba ya gani, har ƙarfen ya koma yana ɗaukar ido. Ɗumama ƙarfe haramun ne a doka, domin ƙarfe mai ɗumi yana narkar da fuskar ƙanƙara ya ƙara santsi. Kafin tashi alƙalai suna auna zafinsa su kwatanta da wani ƙarfen gwaji da aka ajiye a waje, kuma wanda nasa ya zarce da fiye da digiri 5 an fitar da shi. Ya kamata matashi ya san wannan doka da ta nauyi tun yana ƙaramin rukuni, don kada ajiye keke kusa da na'urar ɗumama ɗaki ya jawo masa kora.

A nan ma Loch ya yi dacen maƙwabci. Georg Hackl, ɗan Berchtesgaden da ya ci zinaren Olamfik a 1992 da 1994 da 1998, ya koyi aikin ƙarfe tun yana saurayi, kuma ya shahara da ƙera kekunansa da hannunsa. Bayan ya yi ritaya a 2006 ya koma horarwa, ya daɗe yana aiki da Loch a kan tuƙi da kuma keke. Matashin da ya samu tsohon ɗan wasa irin wannan ya lazimce shi, ko da aikin da za a fara ba shi share ɗakin gyara ne.

Haɗari

A watan Fabrairun 2009 an auna gudun Loch a Whistler ya kai kilomita 153.98 a awa, kuma a wannan hanyar ce ya ji rauni a kafaɗa a wajen atisaye 'yan watanni kafin nan. A ranar 12 ga Fabrairun 2010, ranar buɗe gasar Vancouver, Nodar Kumaritashvili na ƙasar Jojiya, ɗan shekara 21, ya fita daga wannan hanya ta Whistler a kwana ta 16, wadda ita ce ta ƙarshe, ya bugi ginshiƙin ƙarfe ya rasu. An sauko da mashigar maza ƙasa, an ƙara tsayin bango a wurin, kuma a kan wannan gajeriyar hanya Loch ya ci zinarensa, da tazarar sakan 0.679 tsakaninsa da David Möller da ya zo na biyu. Daga baya an tsara hanyar Sochi ta Rasha, wadda aka yi Olamfik ta 2014 a kanta, da wuraren da take haurawa sama domin a rage gudu.

Abin da iyaye da mai horarwa za su riƙe shi ne cewa sabuwar hanya daga ƙasa ake koyonta, komai sunan ɗan wasa, kuma a yi amfani da duk makon atisayen da aka ware kafin babbar gasa. Hular da ta taɓa buguwa a canza ta. Wanda ya bugu a kai, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, ba ya komawa keke sai likita ya sallame shi. Matashi kuma ya san yana da ikon cewa bai shirya hawa mashiga ta sama ba, kuma mai horarwar da yake kunyata yaro a kan wannan bai cancanci a bar masa yaro ba.

Gasa, makaranta da abin kai wa baki

Matakan gasa a jere suke: tseren kulob da na jiha, sannan na ƙasa, sannan gasar cin kofin duniya ta matasa, sannan ta manya. Loch ya zama zakaran duniya na matasa a 2006 yana ɗan shekara 16. A gasar cin kofin duniya sauka biyu ake yi a haɗa lokutan, a Olamfik kuwa tseren mutum ɗaya sauka huɗu ne cikin kwana biyu, saboda haka wanda ake nema shi ne mai maimaita sauka mai kyau sau huɗu, ba mai sauka ɗaya ta ban mamaki ba. A wannan shekaru ne kuma ake yanke shawarar ko matashi zai tsaya a tseren mutum ɗaya ko zai koma na mutum biyu, inda Tobias Wendl da Tobias Arlt, abokan atisayen Loch, suka yi suna. Da zarar ya shiga rukunin ƙasa, ya shiga hannun masu gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma daga ranar ko maganin mura ba ya sha sai likitan tawaga ya duba.

Kakar wasa tana cin watannin hunturu gaba ɗaya, saboda haka karatu yana bukatar tsari. A Berchtesgaden da Oberhof akwai makarantun sakandare na 'yan wasa da suke daidaita darasi da tafiye-tafiye. Kada a bar karatu don luj, domin kuɗin da ake ci a gasa ba ya riƙe gida, kuma masu ɗaukar nauyi ba sa zuwa sai ga 'yan ƙalilan na sama. Yadda Turawa suka warware wannan shi ne ta aikin gwamnati: Loch ɗan sandan tarayya ne a sashen 'yan wasa, Hackl soja ne a zamanin wasansa, Armin Zöggeler na Italiya kuma jandarma ne a zamanin nasa. Ana biyansu albashi suna atisaye, kuma aikin yana jiransu bayan ritaya. Matashin da ƙasarsa take da irin wannan tsari ya nemi shiga da zarar ya gama sakandare.

Bayan an kai sama

Cin zinare a shekara 20 yana buɗe wani aiki ne dabam, wato riƙe matsayi yayin da kowa yake nazarin kekenka da layinka. Loch ya sake cin zinare biyu a Sochi a 2014, ɗaya shi kaɗai, ɗaya a tseren miƙa-miƙa na tawaga tare da Geisenberger da Wendl da Arlt. Ya zama zakaran duniya a tseren mutum ɗaya a 2008, 2009, 2012, 2013, 2016 da 2019, ya kuma lashe kofin duniya na kaka sau bakwai tsakanin 2012 da 2021, kusan duk a ƙarƙashin mahaifinsa, wanda ya shugabanci masu horar da tawagar Jamus daga 2008 zuwa 2024.

A Pyeongchang ta Koriya ta Kudu a 2018 yana kan gaba bayan sauka uku, kuma zinare na uku a jere, irin na Hackl, yana hannunsa. A sauka ta huɗu ya yi kuskure a wajen fita daga kwana ta tara, keken ya bugi bango ya karkace, ya ƙare na biyar. David Gleirscher na Ostiriya, wanda bai taɓa cin tseren kofin duniya ba kafin ranar, shi ya ɗauki zinaren. Hoton da aka fi tunawa shi ne na Loch zaune a kan keke a ƙarshen hanya, kansa a sunkuye, mahaifinsa ya rungume shi. Ya kamata a nuna wa matasa wannan saukar tare da abin da ya biyo baya, domin shekara ɗaya bayan haka ya sake zama zakaran duniya a Winterberg, kuma a kakar 2020 zuwa 2021 ya mamaye kofin duniya. A watan Yulin 2021 ambaliya ta lalata hanyar Königssee, dole shi da abokan atisayensa suka koma neman ƙanƙara a wasu wurare, kuma a Beijing a 2022 ya zo na huɗu.

Wanda ya ci zinaren Beijing shi ne Johannes Ludwig, Bajamushe ɗan shekara 35, wanda bai samu shiga tawagar Olamfik ba a 2010 da 2014 saboda irin su Loch sun cike gurabun. Zöggeler kuma ya ci lamba a Olamfik shida a jere daga 1994 zuwa 2014, ta ƙarshe yana da shekara 40. Saboda haka hukuma ko iyaye kada su yanke hukunci a kan matashi don bai yi abin da Loch ya yi a shekara 18 ba. Abin da za a duba a ƙarshen kowace kaka shi ne ko lokacin tashinsa yana raguwa, ko tazarar da ke tsakanin saukarsa mafi kyau da mafi muni tana matsewa, da kuma ko ya fara iya faɗa wa mai gyaran keke abin da yake so a yi wa ƙarfensa ba tare da an tambaye shi ba. Idan waɗannan ukun suna tafiya gaba, a sabunta masa gurbi a tawaga ya sake wata kakar.